Ɗan akwatin nan na Excel, me za mu kira shi?

Malamar Kwamfuta: Salamu alaikum. Jibi zan koyar da yaran wani kantin magani a Ƙofar Ƙaura, ina rubuta musu darasi da Hausa kan rikicin kwanan wata a Excel, manhajar lissafin nan ta kwamfuta. Ka rubuta 1/1/2024, ya rikiɗe ya koma 45292. Bayanin ba wuya: lamba Excel yake ajiyewa, yana ƙirga kwanaki tun daga 1 ga Janairu 1900, in ka danna Ctrl+1 ka zaɓi Date sai ya dawo daidai. Sunan akwatin da ake rubutun a ciki ne ya gagare ni.

Bakatsine: Sel kawai, Malama. Haka kowa ke cewa.

Malamar Kwamfuta: Na gwada a wancan ajin. Ina cewa "ku shiga sel", wani dattijo ya ce Allah ya kiyaye, shi bai taɓa kwana hannun 'yan sanda ba.

Ɗan Dara: Gurbi mana. Kamar na dara, jeri-jeri, kowane ɗa da mazauninsa. Ji yadda ya zauna: "In ka ga #####, gurbin ne ya yi wa kwanan watan kaɗan, faɗaɗa shi."

Baban Daura: Gurbi na kaza ne da ƙwanta. Mazubi ya dace, tunda zuba lamba ake yi. Na daɗe ina faɗa. Kuma wai kwamfuta! Ina aka kai na'ura mai ƙwaƙwalwa?

Bakatsine: Baba, mazubi ai sai fura.

Baban Daura: Yaro, mu da Kusugu ke bayan gidanmu za ka koya wa Hausa? Kun bari Kanawa suna yanka muku kalma.

Bakatsine: Wa ya kira Kano a nan?

'Yar Akawu: Ku bar wannan. Malama, ki ja musu kunne kan 03/04/2024. In na'urar tana kan tsarin Amurka, wata ke gaba, 4 ga Maris za ta karanta, ke kuwa 3 ga Afrilu kike nufi. A ranar lalacewar magani wannan ba wasa ba ne. Shi kuma 25/03/2024 sai ya maƙale gefen hagu, don rubutu ta ɗauke shi, tunda babu wata na 25. To fomat fa, wato yadda lamba ko kwanan wata ke fitowa a akwatin, siga ko tsari?

Malamar Kwamfuta: Na ɗauki gurbi. Fomat na sa siga da fensir tukuna. Baba, a yi haƙuri.

Baban Daura: Sa abin da kika ga dama, 'yata. Ni dai a littafina mazubi ne.