Bin Sawun Tarihin Zane-zanen Jiragen Ruwa na Birtaniya: Taƙaitaccen Abin da Masana Suka Ba da Shawara

Masanan da suka tattauna yadda ake gano asalin tsohon zanen jirgin ruwa da hannayen da ya bi sun yi ittifaƙi cewa daga bayan zanen ake fara bincike. A juya shi, a ɗauki hoton kowane tambari da lamba da guntun takarda kafin a taɓa komai. Baƙaƙen lambobi da haruffa da aka buga a jikin katakon da ke riƙe da yadin zanen galibi na gidan gwanjon Christie's ne, kuma ana iya rubuta musu su duba ranar da aka sayar. Tambarin mai sayar da yadin zane yana taimakawa wajen ƙayyade zamani: Winsor & Newton, alal misali, a 1832 aka kafa shi. Matsalar ita ce tsofaffin zane-zane da yawa an manna musu sabon yadi a baya, tambarin asali ya ɓuya.

Sai a koma kan jirgin kansa. Tutar Birtaniya ba ta samu jan gicciyen Ayland ba sai 1801, don haka zanen da ke ɗauke da shi ba zai girmi wannan shekarar ba, sai dai in wani ya ƙara daga baya. In sunan jirgin ya fito, a nemo shi a rajistar jiragen ruwa ta Lloyd's ko gidan tarihin teku na Greenwich.

A tarihin mallakar zanen, giɓin da ya faɗo tsakanin 1933 da 1945 shi ne mai haɗari, saboda kayan da 'yan Nazi suka ƙwace. A nan dole a tuntuɓi Art Loss Register, mai ajiye bayanan kayan fasahar da aka sace ko suka ɓace, kafin a biya kuɗi. Zancen "tun kakanninmu yake gidan nan" kuwa, in babu rasit ko wasiyya, dillalai ba sa karɓar sa a matsayin hujja.