Sabon akwatin kifi: kwana uku ya isa ko sai an jira makonni?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An kawo min akwatin gilashi mai cin lita 100, da filta da tsakuwa da komai. Mai shagon ya ce in cika ruwa in kunna filta kwana uku ruwan ya huce, sai in zo in ɗauki kifi. Haka ne ko akwai abin da ya rage?

Mai Tarwada: Wa'alaikassalam. Haka ne mana, kwana ukun ma ya yi yawa. Mu da muke kiwon tarwada dubbai a tanki wa ya taɓa jiran wata guda? Ka wanke tanki, ka zuba ruwa, ka sa kifi. Wannan maganar jira ta 'yan intanet ce kawai.

Malamar Kimiyya: Alhaji da girmanka amma ba ɗaya ba ne. Kai kullum ko bayan kwana biyu kana sakin ruwan tankinka ka zuba sabo, dattin yana fita da ruwan, shi kuwa akwatin ɗaki ruwa ɗaya ne yake ta zagayawa. Kifi yana fitar da amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama, kuma guba ce. Akwai bakteriya da ke mayar da ita naitarait, shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska, sai wasu bakteriyar daban, irin su Nitrospira, su mayar da shi naitaret wanda shi da sauƙi, canjin ruwa na mako-mako ke rage shi. Sabon akwati ba shi da su da yawan da za su iya aikin, kuma ba sa yaɗuwa da sauri, yawanci mako 4 zuwa 6 ne.

Ɗan Zariya: To Malama kenan in bar shi a kunne wata guda ba kifi?

Malamar Kimiyya: A'a ɗan uwa, nan mutane ke ɓata lokacinsu. Ruwa zalla ko shekara ya yi ba abin da zai canja, bakteriyar me za su ci? Sai ka ba su amoniya. Ko dai ka riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kaɗan ya ruɓe a ciki, ko ka samu ruwan amoniya marar sabulu marar turare ka ɗiga har kayan awon ruwa su nuna kamar 2 ppm, wato miligiram 2 a kowace lita. Za ka ga amoniya ta fara sauka naitarait ya hau, ya daɗe a sama har ka fara tunanin abin ya tsaya, sannan ya faɗi. Ranar da ka sa 2 ppm, bayan awa 24 ka auna ka ga amoniya sifili naitarait sifili, akwatin ya shirya. Sai ka canja mafi yawan ruwan ka sa kifi kaɗan-kaɗan.

Baban Gufi: Ni dai ban yarda dole sai haka ba. Kayan awon nan na kamfanin API ba a ko'ina ake samu ba, in an samu ma kuɗinsa zai iya fin na kifin. Mutanen da suka fara harkar nan da kifi a ciki suke yi, ƙananan kifin nan gufi biyu ko uku, abinci kaɗan, canjin ruwa akai-akai, kuma yana yi.

Malamar Kimiyya: Yana yi Yaya, ban musa ba, amma kifin ne ke biyan kuɗin da jikinsa. Wanda ya taɓa ganin kifi a ruwa mai naitarait ya san abin da nake nufi, ya taso saman ruwa yana buɗe baki, ya tattare fiffikensa ya tsaya kusa da bakin filta ba ya cin abinci. Kuma da zafin garuruwanmu abin ya fi muni, don amoniya ta fi dafi in ruwa ya yi ɗumi ko pH ɗinsa ya hau, wato tsaminsa ya ragu. Ba tare da awo ba ta ina za ka san ranar da ya kamata ka canja ruwa?

Baban Gufi: Ta ido mana. Ruwan in ya yi fari-fari kamar tsari sannan ya washe ai ya nuna.

Injiniya: Wannan ba alama ba ce Malam, waɗancan bakteriya daban ne masu yawo a ruwa. Ruwa zai iya zama garau amoniya na ciki. Ni shawarata ga Ɗan Zariya ya nemi wanda akwatinsa ya daɗe kuma kifinsa lafiya lau, ya roƙi rabin soson filtarsa, ya kawo shi a jiƙe cikin leda da ruwan akwatin ya sa a tasa filtar nan take. A soso da tsakuwa suke zama, shi ya sa ɗiban tsohon ruwa kaɗai ba ya amfana komai. Wannan yana rage jiran sosai.

Mai Tarwada: To in an ɗauke wuta fa? Mu nan wani lokacin yini ake yi babu.

Injiniya: Wannan tambayar ta fi duka muhimmanci Alhaji. Bakteriyar nan iska suke buƙata, filta ta tsaya awanni masu yawa sai su fara raguwa, musamman filtar da take a rufe. Filtar soso da ɗan famfon iska mai caji ko na USB a jikin fawa bank ta fi dacewa da mu. Kuma kada a wanke soso da ruwan famfo mai kulorin, a matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Mai ruwan burtsatse ba ruwansa da kulorin, sai dai ya auna pH, in ya faɗi ƙasa da 6 aikin yana tsayawa.

Baban Gufi: Soson na yarda da shi. Amma ruwan kwalbar nan da ake sayarwa wai bakteriya a ciki, wanda ya sha zafin shago wata da watanni, ba zan ba shi kuɗina ba.

Ɗan Zariya: Na gode ƙwarai. Yaya Baban Gufi ko zan samu rabin soson naka ranar Asabar? Kayan awon kuma zan saya, in akwai mai so mu haɗa kuɗi ya yi min magana.

Baban Gufi: Ka zo bayan la'asar, ka taho da leda.