Muhawara: dole ne sai ka san ma'anar kalma kafin ka ci da ita a Scrabble?

Malam Nasiru: 'Yan'uwa, ra'ayina ke nan kuma ina kansa: haddar ma'anar kalmomi ɓata lokaci ne ga mai son yin nisa a Scrabble, wasan haɗa kalmomi da ƙwayoyin haruffa a kan allo. Allo ba ya tambayar fassara. Abin dubawa kawai, kalmar tana cikin ƙamus ɗin Collins, wanda ake hukunci da shi a gasar Turanci, ko ba ta ciki. Nigel Richards na New Zealand ya lashe gasar duniya ta Faransanci a 2015 alhali ba ya jin yaren, jerin kalmomin kawai ya haddace cikin mako tara. A 2024 ya sake yin haka da Sifaniyanci.

Hajiya Rabi: Malam, Nigel ai ba abin kafa hujja ba ne, irin kansa ba a samun biyu a gari. Mu sauko kan allo. A cikin ƙwayoyi 100 na wasan, S huɗu ne kacal, kuma amfaninsa mafi girma shi ne a maƙala shi a ƙarshen kalmar da ke ƙasa a buɗe sabon layi. QI tana karɓa, a sami QIS. ZA ma haka. Amma XU, ƙaramin kuɗin Biyetnam, jam'inta XU ne, ba ta karɓar S. JO kuwa, wato masoyi a bakin mutanen Sikotland, jam'inta JOES. Wanda bai san haka ba ya aza JOS, abokin wasa ya ƙalubalanta, sai ya kwashe ƙwayoyinsa, zagayen ya wuce shi ba maki ko ɗaya, ga shi kuma ya tona abin da ke hannunsa.

Malam Nasiru: Wannan ma haddacewa ake yi, Hajiya. Kowace kalma ana rubuta ta da haruffan da ke shiga gabanta da bayanta. Ba sai na san Biyetnam ba.

Auwal: Ku gafarce ni manya, ina ga abu biyu ake cakuɗawa. Akwai ma'ana, akwai ajin kalma: suna ce, aikatau ce ko sifa. Na biyun ne ke kawo maki. Ɗauki haruffan AEINRST, waɗanda ke ba da kalma 11 a Collins, kowacce da ƙarin maki 50 na zubar da ƙwayoyi bakwai gaba ɗaya. Daga ciki akwai NASTIER, STAINER da RETSINA. Makinsu na iya zuwa ɗaya, amma abin da suke bari a allo ya bambanta. NASTIER sifa ce ta kwatance, bayanta a toshe yake. STAINER suna ne, RETSINA kuma wata giya ce ta Girka, duk biyun suna karɓar S. In kana gaba da maki kana son rufe allo, NASTIER za ka aza. In kana baya da maki kuma akwai sauran S da ba a aza ba, ka bar ƙofa a buɗe. Wanda bai san ajinsu ba, zaɓen makaho zai yi.

Baba Iliya: Yaro ya yi magana. Ƙari a kai, kalmar da ka san ma'anarta ba ta saurin zamewa daga kai, ga agogo na ci, minti 25 ne kowa ke da shi, duk mintin da ka haura a zabge maka maki 10. Mu nan ma muna da gata. Q mai maki 10 ita ce ke maƙale wa mutane in babu U, alhali QADI, QIBLA, NIQAB, FAQIR da TALAQ duk suna cikin Collins. Alƙali, alƙibla, niƙabi, fakiri, saki. Bature sai ya yi ta bita, mu kuwa rubutun kawai za mu kiyaye. Haka ZAKAT, NAIRA da KOBO.

Malam Nasiru: Baba, na yarda da wannan a kan gajerun kalmomi. Masu harafi biyu 127 ne, ko da ma'anarsu mutum zai gama su cikin 'yan kwanaki. Amma masu harafi bakwai da takwas dubbai ne bisa dubbai. Can sai dai a jera haruffa bi da bi a kan kati, ka ga AEINRST bakinka ya zubo da amsa. Mai tsayawa buɗe ƙamus a kan kowacce, shekara za ta ƙare bai ci rabi ba. Ba na jin Wellington Jighere, ɗan Najeriya, da fassara ya doke Lewis Mackay 4 da 0 a wasan ƙarshe na gasar duniya a Perth ta Ostireliya a 2015.

Hajiya Rabi: Ba mu san yadda ya yi karatunsa ba, kar mu ɗora masa. Ga wata guda, Malam. Doka ta hana sunan wuri, shi ya sa KANO ba ta shiga. To abokin wasanka ya aza JAPAN, me za ka yi?

Malam Nasiru: In ƙalubalanta mana.

Hajiya Rabi: Ka ba shi kyautar maki 5 ke nan, domin kalmar tana cikin Collins. JAPAN aikatau ce, shafa wa ƙarfe ko katako baƙin fenti mai sheƙi, har JAPANS da JAPANNED akwai. CHINA tangaran ne, TURKEY talotalo.