Wace kalma za mu ba "commit" da Hausa?

'Yan uwa masu rubuta manhaja, shawara nake nema a kan kalma ɗaya. Makon jiya wani ƙanena a harkar nan ya kawo mini fom ɗin rajistar ɗalibai da ya haɗa wa wata Islamiyya. Iyaye suna cikewa, su danna maɓalli, shafi ya ce "An adana", amma in ka leƙa rumbun bayanai wayam, ko suna ɗaya babu.

Da yaren rubuta manhaja na Python ya rubuta, rumbun kuma PostgreSQL ne, wata 'yar manhaja mai suna psycopg2 ke haɗa su. Umarnin INSERT ɗinsa, wato mai zuba sabon bayani a rumbu, lafiya lau yake. Layi ɗaya ya manta: conn.commit(), wato umarnin "commit" da ke sa abin da aka zuba ya zauna a rumbun dindindin. Shi psycopg2 da zarar ka ba da umarnin farko sai ya buɗe maka ciniki da rumbun, wato jerin ayyukan da ko dai su zauna tare ko su rushe tare. Duk abin da ka zuba a rataye yake, kai kaɗai ke ganinsa, in ka rufe hanyar da ta haɗa ka da rumbun ba ka yi "commit" ba sai ya zube, kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito. Abin da ya ƙara tabbatar mana shi ne da muka gyara, lambar da rumbun ke bai wa ɗalibai bi da bi ba ta fara daga 1 ba, don PostgreSQL ba ya maido lambar da ya riga ya bayar ko da cinikin ya rushe.

Gyaran bai kai minti biyu ba, bayanin ne ya ba ni wahala. Na ce masa "ba ka adana ba", ya ce ai ga inda ya adana. Kuma gaskiyarsa ce, mu muke kiran abu uku da suna ɗaya. Wanda ya danna maɓalli miƙawa ya yi. INSERT zubawa ce. Na ukun, wato "commit", shi ne ba shi da nasa suna.

Wani abokin aiki ya ce "tabbatarwa". Ba laifi, sai dai kalmar ta riga ta gaji da aiki: ita ce ta lambar da ake turo maka a waya, ita ce ta sake rubuta kalmar sirri. Ɗalibi zai rikice.

Da farko zuciyata ta kwanta da "sallamawa". A kasuwa ana ta tayi ana albarka, kaya ba su zama naka ba sai mai su ya ce "na sallama". Daidai yake da abin da rumbun ke jira. Amma mukan ce an sallami ma'aikaci, an sallami majinyaci, sai na ji tsoron mai koyo ya ɗauka korar bayanan aka yi.

Ni dai na tsaya a kan "ƙullawa". Ana ƙulla ciniki, ana ƙulla yarjejeniya, kuma ta zo da kishiyarta a hannu: "rollback" ya zama "warwarewa". Ka tura kuɗi daga asusu zuwa asusu, an cire a nan, wuta ta ɗauke kafin a saka a can, sai a warware duka, kuɗi su koma inda suke. Da na ce wa yaron "ka zuba amma ba ka ƙulla ba", nan take ya gano layin da kansa.

Malamai masu koyar da wannan a Kano, Zariya ko Maraɗi, me kuke ce wa ɗalibanku? In akwai wadda ta riga ta zauna a bakinsu, ita zan bi.