Wa ya kalli Hope and Glory?

Ɗan Zariya:
Salam ƴan uwa, jiya na kalli wani tsohon fim na 1987, Hope and Glory na John Boorman, kan wani yaro a Landan lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bamabamai a Yaƙin Duniya na Biyu, babansu ya tafi soja uwar ta zauna da yara uku. Abinda ya ɗaure min kai wai yaran murna suke suna tsintar ɓaraguzan bom a kango, anya haka abin yake kuwa?

Maman Twins:
Wallahi haka yaro yake, tsoron a zuciyar uwa yake. Ni wajen da ta kai su tashar jirgin ƙasa za a kwashe su a kai su nesa da bamabamai sai ta kasa rabuwa da su, nan na yi hawaye.

Baban Yara:
Ai yarintar shi mai fim ɗin ce ya mayar labari. Daga Satumba 1940 dare 57 a jere ana dukan Landan, farar hula sama da 40,000 suka mutu a Birtaniya zuwa ƙarshen Mayu 1941.

Ɗan Zariya:
Subhanallah. Ni dai da bom ya rushe makarantarsu suka hau tsalle jikina ya yi sanyi.