Taƙaitawa: shawarwarin waɗanda suka yi zaman Vipassana na kwana 10

Tattaunawar ta kasance tsakanin mutanen da suka yi zaman natsuwa irin na addinin Budda, da ake kira Vipassana, a bisa koyarwar S. N. Goenka, wanda ya koyo a ƙasar Bama (Myanmar a yau) wajen malaminsa U Ba Khin, ya fara koyarwa a Indiya a 1969.

Bakinsu ya zo ɗaya kan kwana ukun farko, inda ake lura da shigar numfashi da fitarsa ta hanci kawai. Suka ce kada ka ja shi, kada ka riƙe shi, bar shi yadda ya zo. Hankali zai gudu, ba makawa. Ka dawo da shi ba tare da jin haushin kanka ba. A ganina nan ne aikin yake, don a rana ta huɗu za a fara bin jiki daga ka zuwa tafin ƙafa ana lura da zafi, ƙaiƙayi da nauyi, ba a kore su ba, ba a yi kwaɗayin masu daɗi ba. Wanda bai kafu tun farko ba, zai sha wuya.

Batun ciwon gwiwa saboda dogon zama a ƙasa ya raba ra'ayinsu. Wasu suka ce a daure, wasu suka ce a nemi matashi ko kujera, kuma na fi yarda da waɗannan.

Tashin ƙarfe 4 na asuba da rashin magana, ana sabawa. Mai fama da matsananciyar damuwa kuwa ya fara ganin likita, ya kuma faɗi gaskiya a takardar neman shiga.