Rubutu, yara da tafiya ganin gida: abin da aka tattauna

Ga shawarwarin da 'yan'uwa suka ba wata marubuciya da ta yi tambaya kan yadda za ta haɗa rubutu da hidimar yara da kuma tafiya ganin gida.

1. Kusan kowa ya ce a yi rubutu bayan sallar Asuba, kafin hidimar makaranta ta kankama, ko da yamma yara na Islamiyya.

2. Kafin tafiyar biki ko Sallah, a tara shafuka, a sanar da masu karatu a WhatsApp.

3. Kan batun yin rubutu a lokacin tafiya kuwa, nan ra'ayi ya rabu. Wasu na rubutu a mota, yaro na barci a cinya. Wasu suka ce a ajiye wayar, ai zumunci aka je yi. Ni ma nan na karkata.

4. Mai goyo kada ta yi alƙawarin shafi kullum.